Garin da Ya Zo Na Ɗaya

Duk ƙarshen shekara, jaridar da Auta ke yi wa aiki takan fitar da jerin garuruwa goma da suka fi ko'ina rashin daɗin zama. Shafi ne na nishaɗi, mutane na sonsa, har wasu kan yanke shi su liƙa a bangon ofis don tsokanar abokin aikin da garinsu ya fito. A wannan shekarar Edita ya ɗora mata aikin. Ya ce, "Ke kin iya zolaya. Ki sa barkono, amma kar ki jawo mana lauyoyi."

Tara daga ciki daga kan kujerarta ta haɗa su, da waya da alƙaluman hukuma: wannan ba ruwa, wancan ɓarayi sun fi masu gida yawa, wani kuma ramukan titinsa sun fi titin. Na ɗayan kuwa ba ta tambayi kowa ba, domin can aka haife ta. Garin masu haƙar kwal ne. Shekara ashirin da shida da suka wuce wuta ta kama a cikin ramin, kamfani ya toshe bakinsa da mutum goma sha ɗaya a ciki, mahaifinta na cikinsu. Wutar ba ta mutu ba har yau, tana nan tana cin ƙasa ta ƙarƙashin gidaje. Ba ta rubuta zancen mahaifinta ba. Ta dai rubuta cewa gari ne da kaza ke saka dafaffen ƙwai, ta rufe da cewa babu wanda ya rage a cikinsa sai wanda ba shi da inda za shi. Edita ya yi dariya har da buga tebur.

Kwana huɗu da fitowar jaridar, yayanta ya kira ta tana tsakiyar aiki. Shi ba mai kira ba ne, sai dai ita ta kira, su gaisa a minti biyu.

"An karanta wa Inna," in ji shi.

"Wa ya karanta mata?"

"Ni. Ita ta sa ni. Sau biyu."

Auta ta ajiye alƙalaminta. "Fushi ta yi?"

"Ta ce ki zo. Ta ce ki zo da takalmi mai kaurin ƙasa."

Rabonta da garin shekara tara. Tun tana 'yar sha biyu aka kai ta makarantar kwana, daga nan ta yi ta gaba, kullum da dalilin da zai hana ta zuwa. Ta sha roƙon Inna ta dawo wurinta da zama, Inna ta ce sai wani jiƙon.

Motar haya ta sauke ta a mararraba, domin direbobi sun daina shiga. Yaya na jiranta a tsohuwar motar ɗaukar kaya. Shekarunsa arba'in da biyar, amma wanda bai sani ba sai ya ce kawunta ne: furfura ta cinye kansa, kafaɗunsa sun rusuna. Hukuma ce ta ba shi motar, aikinsa shi ne ya zagaya ya auna zafin ƙasa a bakin bututan ƙarfen da aka kakkafa a cikin garin, ya aika musu da rahoto. Ya ce shi dai bai san wanda ke karanta rahoton ba.

Kafin a ga garin, warinsa ne ke fara tarar mutum, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a kan garwashi. Kwaltar titi ta kumbura ta dare, hayaƙi fari siriri yana fitowa daga tsagar a hankali, ba gaggawa, kamar abin da ya san ba mai hana shi. Itatuwan gefen hanya na nan tsaye, sun mutu a tsaye, ɓawonsu ya zube sun yi fari fat. Suka wuce makarantar da ta yi aji ɗaya zuwa shida: rabin ginin ya durƙusa, allon wani aji na kallon sama, da sauran rubutun alli a jikinsa. Gidan da duk aka tashi an shafa masa jan fenti a ƙofa. Ta fara ƙirga jajayen ƙofofin, ta gaji ta bari. Sai da suka yi nisa ta gane abin da ke damun kunnenta. Babu kukan tsuntsu, babu haushin kare.

"Gida nawa ke da mutane yanzu?"

"Talatin da takwas," in ji Yaya. "Watan jiya arba'in ne."

Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ɗaga kai ta ƙare wa Auta kallo, daga gyale har takalmi.

"Lale da 'yar jarida. Mun zo na ɗaya, ko? Tun da nake a garin nan ban taɓa jin mun zo na ɗaya a komai ba."

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ji ɗumin siminti ya ratsa gwiwarta kamar ta durƙusa a bayan dabba mai rai. A cikin ɗaki bango ya tsage daga sama har ƙasa, an cusa takarda a tsagar don tare hayaƙi. Ta gane rubutun. Shafinta ne.

"Takardarku na da kauri, Allah ya yi albarka," in ji Inna. "Ta fi ta sauran jaridun tare iska."

Ruwan da aka ba ta daga randa da ɗumi yake. Ta sha don kar a ce.

Da la'asar ta kusa, sai Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin mota, ya ce zai duba wani bututu a bayan kasuwa. Fitarsa ke da wuya wata tsohuwa ta yi sallama ta shigo, doguwar mace mai ido ɗaya. Matar Dogo ce, maƙwabciyarsu tun Auta na goye, mijinta ma na cikin goma sha ɗayan. Ta rungume Auta ta ce ta yi ƙiba irin ta masu zaman ofis, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da bangon tsakar gida, inda wani guntun bututun ruwa na zamanin kamfani ya leƙo daga ƙasa, ya yi tsatsa, shekara da shekaru ba ya kawo ruwa. Hira ta mutu. Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Sai bututun ya yi ƙara.

Ba ƙara mai ƙarfi ba ce. Kamar mutum a can nesa ya buga ƙarfe da ƙarfe: sau uku, ya dakata, sau biyu. Aka yi shiru. Ya sake: uku, sannan biyu. Auta ta juya. Ta kalli Inna, ta ga hannunta ya tsaya a cikin farantin, idonta na kan shinkafar.

"Sun tashi aiki," in ji Matar Dogo, kamar mai faɗin cewa hadari ya haɗo. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Sai gobe."

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Ke da kika yi boko za ki tambaye ni?" Ta fita tana dariya ƙasa-ƙasa.

Washegari da safe Auta ta bi Yaya zagayensa. Ya tsaya a kowane bututu ya zura ma'auni, ya jira, ya rubuta. Wani wurin sai ya ce mata ta taka nan, kar ta taka can, alhali ita ba ta ga bambancin ƙasar ba. Ta tambaye shi ƙarar jiya. Ya ce zafi ne ke sa ƙarfe ya miƙe, in rana ta yi sanyi ya koma, injiniyan hukuma ma haka ya ce.

"Uku da biyu, Yaya? Kullum?"

Ya juya motar suka hau wata tsohuwar hanya, har zuwa gindin tudu inda bakin ramin yake. Katangar bulo ce ta rufe shi, doguwa, ta yi baƙi, an yi mata gini mai kyau, layi bai karkace ba. Wani babban bututu ya fito ta gefenta ya nutse a ƙasa. Yaya ya kashe mota amma bai fita ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kin san aikin da nake yi a lokacin?"

"Na san kana kamfanin."

"Birkila. Shekarata goma sha tara. An ce hannuna na da sauri." Ya nuna katangar da haɓa. "Kwana biyu ana ƙoƙarin shiga, wuta ta hana. Rana ta uku manaja ya ce in ba a toshe iska ba, duk garin zai tafi. Ya ce waɗanda ke ciki sun riga sun rasu, likita ya tabbatar. Aka tara mu mu shida, aka kawo bulo. Mun kai layi na tara, wajen la'asar, sai bututun nan ya fara ƙara. Uku da biyu. Haka suke bugawa in suna son a sauko musu da kejin da ke fito da su. Baba ne ya koya mini tun ina yaro."

Auta ta kalli bututun.

"Na ajiye cokalin gini. Shugaban aikinmu ya ce ƙarfe ne ke miƙewa. Na ce ba ƙarfe ba ne. Ya ce to in sauka in ɗauko su, ga hanya nan. Na leƙa ta saman bulon, Auta, ba abin da ake gani sai ja. Gashin girata ya ƙone daga nan inda nake tsaye." Ya shafa girarsa. "Sai na ɗauki cokalin. Bulon ƙarshe ni na sa. Suna bugawa na sa shi."

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Sun bar garin a shekarar. Uku sun rasu, na ji." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Inna ba ta sani ba. Ta ɗauka a ofishin awo nake ranar. Kar ki kuskura. Ita ba za ta bar wurin da Baba yake ba, ni kuma ba zan bar ta ba. Shi ke nan labarin. In kin so ki sa a jarida, mu zo na ɗaya baɗi ma."

Ta so ta ce ba laifinsa ba ne, ta ga maganar ta yi ƙanƙanta a gaban katangar nan. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya bar hannun na ɗan lokaci, sannan ya tayar da mota.

Da rana, Yaya ya tafi mararraba ɗebo ruwan sha, Auta ta zauna tana taya Inna ninke wanki. Ta yi ta kauce wa idonta, amma ɗan da aka haifa ba ya ɓoye wa uwa ciki.

"Ya kai ki bakin ramin," in ji Inna.

"Mun bi ta wajen dai."

"Ya faɗa miki."

Auta ta kalli rigar da ke hannunta.

"Ranar da ya dawo, siminti ne a ƙarƙashin farcensa, girarsa babu. Na zuba masa abinci, ya kalli kwanon kamar an zuba masa ƙasa. Mai aikin ofis ne ke dawowa haka? Ni na haife shi fa." Inna ta karɓi rigar ta ninke da kanta. "Babanku ya tafi, Auta. Wanda ya tafi ba ya cikin rami, yana inda Allah ya kai shi. Kina tsammanin don bututu nake shaƙar warin nan shekara ashirin da shida? Sau uku ina ɗaure kaya. Duk ranar da na ɗaure sai yayanki ya kwanta ciwo, ko ya ɓace, a same shi zaune a gindin katangar. Na gane ko na tafi ba zai biyo ni ba. To wa zan bar wa shi?"

"Me ya sa ba ki gaya masa kin sani ba?"

"In na faɗa, da wane ido zai kalle ni? Ƙaryar nan ita kaɗai ta rage masa da yake ganin ya kare ni da ita." Ta ajiye rigar a kan sauran. "Abin da ya sa na kira ki, ba zancen ƙwai ba ne, wannan ya ba ni dariya. Cewa da kika yi ba mu da inda za mu. Kowa a nan yana da inda za shi. Matar Dogo 'ya'yanta huɗu, kowanne da gidansa. Ki je ki tambayi gida talatin da takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa akwai abin da ya riƙe masa ƙafa. Ke kin zauna a kujera mai juyawa kin ce ba mu da inda za mu."

Auta ta sunkuyar da kai. Tun da ta fara aiki ba a taɓa yi mata gyaran da ya shige ta haka ba.

Ta yi niyyar komawa rana ta uku. Da hantsi, tana haɗa jakarta, Inna na kicin ɗin da ke ƙarshen tsakar gida tana dafa shayi, sai ƙasa ta yi wani nishi. Auta ta fito da gudu ta ga tsakar gidan ta rabu biyu, ɓangaren kicin yana sauka a hankali, kwanon rufi na kuka, tukwane na gangarawa suna faɗawa cikin tsagar, ba a jin saukarsu. Inna na tsaye a ƙofar kicin, riƙe da buta, hayaƙi ya tashi tsakaninsu mai kauri. Yaya ya fito daga bayan gida, bai tsaya tunani ba, ya tsallaka, ya sungume ta kamar yarinya, ya tsallako. Takalminsa ɗaya ya tafi. Suka zube su uku a bakin ƙofar waje suna tari, kicin ɗin ya ƙarasa shigewa, bangon da guntun bututun yake ya bi shi.

Inna ce ta fara samun numfashi. Har lokacin butar na hannunta. Ta kalli ɗanta, ya ƙone a idon sawu.

"Ka fito da ni," ta ce. "Wannan karon ka samu hanya, ka fito da ni. Wancan karon babu hanya. Na sani tun ranar. Babu hanya, ka ji ko?"

Yaya ya kalle ta, ya kalli Auta. Auta ta girgiza kai, ba ita ta faɗa ba. Sai ya kifa fuskarsa a cinyar Inna, mutum mai furfura, ya yi kukan da Auta ba ta taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Inna ta ajiye butar ta dafa kansa. Maƙwabta suka fito suka tsaya daga nesa, ba wanda ya matso.

A ranar suka kwashe abin da ya kwasu: gado, akwati biyu, keken ɗinkin Inna, hoton Baba da hular aikinsa mai fitila. Matar Dogo ta taya su ɗaure kaya, tana yi wa Yaya tsiya cewa bai iya ƙulli ba. Inna ta ce ta hau su tafi tare, akwai wuri a gaba.

"In na tafi wa zai ji su?" in ji Matar Dogo. "Ku dai ku tafi. Ni kunnena ya saba."

Auta ta rubuta mata lambarta a takarda, ta karɓi tata. Suna fita layin, ta waiwaya ta hango ta tsaye a tsakiyar titi, doguwa, hayaƙi na kewaya ƙafafunta.

Sun kama ɗaki biyu a garin da ke gaba da mararraba. Yaya ya yi sati yana barci kamar wanda aka yi wa allura, daga baya ya ajiye aikin awo, ya samu na gadin ma'ajiyar hatsi. Ba a cika jin maganarsa ba har yanzu, amma yana cin abinci. Inna ta samu abin yi, wato faɗa da matar mai gida a kan igiyar shanya. Auta ta koma ofis ta rubuta gyara, ta kai wa Edita. Ya karanta ya ce ba ta da barkono, ya sa ta a shafi na goma sha huɗu, ƙarƙashin tallan taya.

Bayan wata biyar ƙasa ta cinye hanyar shiga garin, hukuma ta yanke wutar lantarki ta ce ta kwashe kowa. 'Ya'yan Matar Dogo suka zo har gida suna tambaya, domin uwarsu ba ta cikin waɗanda aka kwaso. An shiga da ƙafa an duba, an sami gidanta a share, gado a gyare, ƙofa a buɗe. Ita ba a gan ta ba, ba a ga wayarta ba.

Duk sanda Auta ta zo hutun ƙarshen wata, Inna kan miƙo mata waya ta ce ta kira mata lambar Matar Dogo. Auta ta sha yi mata bayani cewa wayar da ba a yi wa caji ba kwana biyu take yi ta mutu. Amma lambar tana shiga. Takan yi ta ƙara har ta gaji ta katse, ba a ɗauka. An fi shekara yanzu.

"Wataƙila tana bayan gida," in ji Inna. "Sake kira sau ɗaya."